Ragon da Asabe ta zana da ido ɗaya

Akwai wata Talata, mako uku kafin babbar sallar bara, da har yau in na tuna ta sai raina ya sake ɓaci. Ina rubuta wannan ne don ku sababbin ma'aikata ku san abin da ya faru daga bakin wanda abin ya faɗa wa.

Kamfaninmu na yin wasannin waya ne, ɗaki biyu a saman bene a Sama Road, mu biyar. Injiniya Nasiru ne mai kamfani. Malama Asabe ce mai zane. Ni Ladan mai gwaji ne. Ilimina bai wuce firamare ba, gidanmu kuma mahauta ne. Aikina in yi ta buga wasa a kan ƙananan wayoyi ina neman kuskure. In na gani sai in rubuta in sa masa launi: kore ƙarami ne, rawaya a gyara in da hali, ja kuwa ba a sakin wasa sai an gyara shi. Nakan duba abu sau uku kafin in sa ja, don tsoron kada in ɗora wa wani aikin banza.

Wasan da muke yi a lokacin na kiwon rago ne. Yaro zai raine shi tun yana ƙarami, ya ba shi dusa da harawa, ya kai shi kara, wato kasuwar dabbobi, a saye shi don layya. Asabe ta zana ragon da ido ɗaya, domin irinsa kakarta ta taɓa kiwatawa, kuma a gaskiya ya yi kyau ƙwarai. Amma ko yaron gidanmu ya san ba a layya da rago mai ido ɗaya. Na sa ja. Asabe ta ce in aka ƙara masa ido ya zama ragon kowa. Injiniya ya ce sake zanen zai ci wata guda, wasan layya kuma in ya fito bayan salla ba mai saukewa, kamfani ya durƙushe. Da hannunsa ya mayar da ja kore. Na sake sa ja har sau biyu, ya ce in daina tsoro, wasa ne kawai.

Wanda zai ɗauki nauyin wasan shi ne Alhaji Bello, dillalin shanu mai sayar da abincin dabbobi, aminin marigayi mahaifina. Ni na je na roƙe shi, na ce masa aikinmu ba abin kunya a ciki. Saboda maganata ya yarda a sa sunan shagonsa.

Ran Talatar ya zo gani, tare da wani dillali abokinsa. Alhaji ya karɓi waya yana dariya, har aka kai wurin da mai saye ke jan ragon zuwa gida. Sai ya matso da wayar kusa da fuskarsa. Bai kalli Injiniya ba, ni ya kalla.

"Ladan, kai ɗan mahauta, kana nan aka yi wanga? Da sunana za ku koya ma yara layya da mai ido guda?"

Kafin in buɗe baki Injiniya ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Ai don irin wannan muka ɗauke shi aiki, bai ja hankalinmu ba."

Ni da ban iya musu da na gaba, na ji bakina yana cewa, "Injiniya, ka ji tsoron Allah. Sau uku na sa ja." Ya ce ba yanzu ba, za mu yi magana daga baya. Asabe ta sunkuyar da kai. Alhaji ya ajiye wayar ya ce shi bai san ja da kore ba, ya san dai wanda ya zo gidansa ya ba shi tabbaci. Abokinsa yana sa takalmi ya yi ba'a cewa irin wannan rago a kara ko kyauta ba mai ɗauka don layya, gida zai koma ya tsufa.

Wannan ba'ar ce ta ceci kamfani. Asabe ta riƙe ta, ta ce a bar ragon yadda yake a canza ƙarshen wasan: masu saye su duba ido su ƙi, yaro ya dawo da abinsa gida. Zane kaɗan ne, muka gama cikin kwana tara. Aka aika wa Alhaji, ya yarda a bar sunansa. Wasan ya fito kafin salla, yara suka so shi.

Amma ni har yau in na gaida Alhaji a kara, amsawa yake a taƙaice. A wurinsa ni ne ɗan mahautan da bai san aibin rago ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a mai zane na ƙaunar abin da ya zana, mai kamfani na tsoron asara, kuma dukansu ina yi musu uzuri. Wanda ban yi wa uzuri ba shi ne wanda ya yanke shawara da hannunsa, da ta ɓaci ya jingina ta ga na ƙasa da shi. Bayan salla Injiniya ya rage mini hanya zuwa unguwarmu, Gidan Dare, a cikin mota ya ce in yafe masa. Na ce masa ba a mota aka zubar mini da mutunci ba, ya je kara ya faɗa wa Alhaji gaskiya. Ya ce in sha Allahu. Wata sallar ta kusa, bai je ba.