Dattijon da Ya Biyo Mu da Lauje

Shekarun baya ne, lokacin ban fi wata huɗu a Alkahira ba. Na gama sakandare, ina zaune wurin yayata a Madinat Nasr ina jiran gurbin karatu. Tun ranar da wasu samari suka biyo ni a kasuwa suna jan mayafina suna dariya na daina fita. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai gabana ya faɗi.

Wata Asabar da kaka, zafi ya sauka, Yaya ta yaye min bargo. "Yalla, Auta, tashi. Kin zama kaza mai kwanci. Yau sai kin taka ciyawa."

Ƙaramar bas ta haya ta sauke mu a wani ƙauye bayan Giza, muka kama hanyar ƙafa a gefen magudanar ruwa. Gonakin masara, kabeji, jakuna, sai muka shiga dajin dabino, nonnansa jajaye sun yi nauyi. Wallahi har na fara dariya.

Da na waiwaya sai na ga wani mutum a bayanmu, igiya a kafaɗa, lauje a hannu, ɗaya hannun ya tattare gaban jallabiyarsa. Yana ɗaga murya yana kiranmu.

"Yaya, bin mu yake."

"Hanyar ubanki ce? Ki bar bawan Allah ya wuce."

Amma na riƙe hannunta na ja, muka ƙara sauri. Shi ma ya ƙara.

A bakin titi akwai wani gidan shayi, maza na zaune suna busa shisha. Mai shayin ya fito mana da kujeru ƙarƙashin bishiya. Ko zama ban gama yi ba mutumin ya iso, yana haki, ya nufo ni kai tsaye. Larabcina a lokacin bai fi kalma goma ba, kuma mafi muninsu ce ta fito: "Harami! Ɓarawo!"

Wasu direbobin babbar mota biyu, waɗanda ba 'yan garin ba ne, suka yi kansa. Ɗaya ya murɗe masa hannu, ɗaya ya kai shi ƙasa. Gaban jallabiyar ya saki. Dabino ya watse cikin ƙura.

Mai shayin ya fito da gudu yana zaginsu, ya ɗaga mutumin. Sai a lokacin na kalli fuskarsa: dattijo ne, ya girmi mahaifina, leɓensa na jini. Yaya ta riƙa fassara min abin da mai shayin ke faɗa. Gonar da muka ratsa ta dattijon ce. Ranar yankan dabino baƙo ba ya wuce masa hannu sake, haka ya taras ana yi. Daga saman bishiya ya hango mu, ya sauko ya biyo mu.

Dattijon ya durƙusa ya tsince dabinon ɗaya bayan ɗaya, ya wanke da ruwan randa, ya nemi faranti ya ajiye a gabana. "Ma'alish, ya binti," ya ce. Wai in yi haƙuri, shi ne ya tsorata ni.

Yaya ta mintsine ni. "Ki ba shi haƙuri mana! Bakin da ya iya ihu!"

Na san kalmar. Ita ce ya gama faɗa min. Amma bakina ya ƙi buɗuwa, har ya ɗauki laujensa ya koma cikin gonar yana ɗingishi.

Na san tsorona ba na banza ba ne, an taɓa ni kafin nan. Sai dai waɗanda suka taɓa ni sun tafi gida suna dariya, wanda ya biyo ni da alheri shi ya sha dukan. Yaya ta daɗe da mayar da labarin abin tsokana, ni ma ina taya ta dariya. Sau biyu na koma ƙauyen da niyyar ba shi haƙuri. Duk biyun a bakin gonar na tsaya, na juyo.