Hanyar Rani da Hanyar Damina

Talata: daga Zango zuwa Hamdara

Na fita daga gidanmu na Zango, a Damagaram, ƙarfe biyar da minti goma na asuba, ana yayyafi. A jakata akwai littafin rubutu, da alƙalami biyu, da katin ɗalibi, da dosiyen ƙauyenmu, wato takardun neman tallafi, a naɗe cikin leda. Inna ta biyo ni har zaure da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce, "Ka gaida Kawunka, ka yi masa ta'aziyya da bakinka, ba da takarda ba."

'Yan'uwa na ƙungiyar ɗaliban Tudun Kanya, ku kuka aike ni, don haka bari in tuna wa wanda bai halarci taro ba dalilin tafiyar. A farkon shekara wata gidauniya ta ba da tallafi ga ƙauyukan yankinmu: wasu rumbun tsimi, wasu gyaran gidajen da ruwa ya rushe, wasu kuma babur mai ƙafa uku, mai gado da rumfa, don kai marasa lafiya likita. Mu babur muka nema. Sharaɗinsa ɗaya ne: ƙauye ya yi nisan kilomita goma ko fiye daga likita. Ni na cika takardar. Ni na je a watan Maris na auna, na samu tara da ɗigo huɗu, na rubuta tara da ɗigo huɗu. Aka raba babura kafin saukar ruwa, ba sunanmu. Yanzu an ba da damar gyara har zuwa sha biyun ranar Alhamis.

Motar ta tashi ƙarfe shida da arba'in, mu sha tara. A shingen bakin gari jandarma ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni.

"Wannan ɗan ƙibabben, kai ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To, boko ya cinye rabinka. Wuce."

Mota duk aka yi dariya. Na sunkuyar da kai har Miriya, kilomita sha takwas, inda muka tsaya minti ashirin ana ɗora buhunan taki. Na sha koko da ƙosai na dala ashirin. Mun iso Hamdara, inda likita take, wato asibitin da ya fi kusa da garinmu, ƙarfe takwas da rabi.

Hamdara: neman kontar

Abin da nake bukata babur ne mai kontar, wato agogon nan da ke ƙirga kilomita. 'Yan kabu-kabu bakwai na tarar a gindin bishiyar bedi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa kan babur. Na farko gilashin ya fashe, na biyu an manna hoton shehi a kai, na uku an cire gaba ɗaya.

"Malam, saye za ka yi ko hawa?" in ji wani.

"Aunawa zan yi."

"Ai sai ka je wurin tela!"

Na shida ne ya dace. Sunansa Isuhu, mutum mai furfura a gemu, baburinsa sabo. Da na ce Tudun Kanya, sai ya yi tambayar da ta soke ni:

"Ta wace hanya? Ta rani ko ta damina?"

Na roƙe shi mu fara leƙa ta rani. Kilomita shida muka yi, muka tsaya a bakin ƙorama. A watan Maris nan yashi ne fari, na wuce a kansa ban ma san ƙorama ba ce. Yau ruwa ne ja, yana tafe da kirare da kara. Wasu maza biyu suna haye shi, tufafinsu a ka, ruwan ya kai musu ƙirji. Daga nan ana hango kanyar garinmu. Isuhu ya ce, "Mai ƙarfi ya haye. Mai ciki, ko tsoho, ko amalanke, sai dai su kalla."

Muka komo ƙofar likita. Na rubuta lambar da kontar ta nuna, muka kama hanyar damina ƙarfe goma da kwata. Ita wannan gabas take yi, tana bin tudu, har ta kai inda ƙoramar ta baje ta zama fadama, sannan ta juyo. Sau uku muka sauka muka tura. Gero ya fara bununi hagu da dama, amma a kwari duk ya yi rawaya, ruwa ya kwanta masa. Mun shiga gari ƙarfe sha biyu saura biyar. Na duba kontar, na cire lambar farko daga ta biyu, na sake cirewa: kilomita ashirin da biyu da ɗigo bakwai.

Tudun Kanya

Kawu Ilu, ƙanen Inna, shi ke da amalanken shanu da ake kai marasa lafiya da shi tun ina yaro. Matarsa, Gwaggo Zule, ta rasu kwana ashirin kafin zuwana. Na same shi a bakin garke yana cire wa sa kaska. Na durƙusa, na yi gaisuwa kamar yadda Inna ta ce.

"Ya haƙuri, Kawu?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Lawali, ka rame. Ka zo da awonka?"

"Na zo da shi."

Ya ci gaba da cire kaska. Aka kawo mana fura, da yamma tuwon gero da miyar kuka. Gidaje huɗu na ƙirga da katangarsu ta zube, ɗaya an tokare ɗakin da itace, mutane na ciki. Na kwana a zauren Kawu, Isuhu a gefena.

Akwai abin da ban faɗa muku a taro ba. A littafina na watan Maris, ƙarƙashin tara da ɗigo huɗu, da hannuna na rubuta: "Kawu ya ce wannan hanyar rani ce." Na ji, na rubuta, ban tambaye shi ma'anarsa ba, don zauren Kawu cike yake da dattawa, ni kuwa ina jin nauyin magana a gabansu. A takardar gidauniya kuma gurbi ɗaya ne aka bari wa nisa. Na sa abin da na auna, na yi ta jin daɗi ban ƙara ko taku ɗaya ba.

Laraba: a kan amalanke

Mun shirya tashi ƙarfe bakwai. Isuhu yana ɗaure jakata sai muka ji kururuwa daga gonakin arewa. Kububuwa ce ta sari Hajo, matar maƙwabcin Kawu, tana tsinkar tafasa. Mijinta ya goyo ta, ƙafar ta fara kumbura.

Isuhu ya dube ni. Ni na ɗauke shi haya, ni ke da wa'adin Alhamis. Na kwance jakata da kaina. Aka ɗora Hajo a tsakiya, mijinta a baya ya riƙe ta, suka tashi bakwai da minti goma sha biyu.

Kawu ya ɗaura shanu, don dole a bi su da tabarma da tukunya da gari. Muka hau, ni da shi da surukar Hajo. Muka bar gari ƙarfe takwas.

Ba zan iya kwatanta muku tafiyar amalanke a taɓo ba, sai dai in ba ku lokaci. Tudun farko, ƙarfe tara da rabi. Bakin fadama, sha ɗaya da arba'in. Nan ƙafar hagu ta nutse, muka sauke kaya, muka yanko ganyen kargo muka shimfiɗa, minti hamsin. Tsohuwa tana ta jan carbi, wani lokaci ta ce, "Ilu, ka doki shanun nan mana." Kawu ya ce, "Iya, in na doke su suka kwanta, ke za ki ja mu?"

Ƙarfe ɗaya da minti biyar muka iso wata tsamiya. Kawu ya tsayar da shanu ba don sun gaji ba. Ya sauka, ya tsaya, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa.

"Nan Gwaggonka ta cika," ya ce. "Tun hantsi take cewa ƙirjinta. Da muka zo nan ta ce in tsaya ta sha iska. Na juya da shanun daga nan."

Na buɗe littafina, don ban san inda zan sa idona ba. Jiya na rubuta tsamiyar: kilomita sha uku daga gari. Da ta hanyar rani ne, da sun riga sun isa, har da saura.

"Kawu," na ce, "ni na hana garin nan babur. Ka faɗa mini hanyar rani ce. Na rubuta, ban tambaya ba."

Ya daɗe yana gyara igiyar hancin sa.

"Kwananta ne ya ƙare, Lawali. Ko jirgi aka kawo, nan ne wurinta." Ya hau, ya ɗauki tsumagiya. "Amma na faɗa maka."

Muka ci gaba da tafiya. Mun iso ƙofar likita ƙarfe huɗu saura kwata: awa bakwai da minti arba'in da biyar.

Hajo tana raye. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, ya ce an yi mata allura tun kafin ƙarfe tara, kumburin ya tsaya a gwiwa. Isuhu yana zaune a kan baburinsa bai tafi ba.

"Malam mai awo! Ban motsa shi ba, zo ka duba agogonka."

Na duba. Na cire lambar da na rubuta jiya a gari: ashirin da biyu da ɗigo bakwai, daidai da jiya. Majo ya karanta takardata, ya ƙara layi biyu da hannunsa, ya buga hatimi bayan magariba. Motocin Damagaram sun ƙare. Na kwana a barandar likita, Kawu a ƙarƙashin amalankensa.

Alhamis: biro

Motar farko ta tashi bakwai da rabi, ta yi faci kafin Miriya, muka yi awa ɗaya da minti goma a bakin kwalta. Na sauka tasha sha ɗaya saura kwata, na hau kabu-kabu, na shiga biron gidauniyar, wato ofishinsu, sha ɗaya da minti ashirin, taɓon jiya a wandona.

Madam ɗin da ke karɓar dosiye ta gwada takardun biyu.

"Da ka ce tara, yanzu ka ce ashirin da biyu. Garin naku tashi ya yi?"

Na ji mutanen da ke kan benci suna dariya. Nauyin ranar zauren Kawu ya dawo mini. Amma na yi magana. Na ce garin yana nan, hanya ce biyu. Na faɗi ƙorama, na faɗi Hajo, na faɗi tsamiya. Ban taɓa yin doguwar magana haka a gaban baƙi ba.

Ta ce, "Gurbin ɗaya ne."

"To a sa ta damina, Madam. Da damina muke ciwo."

Ta shiga ciki da takardar, ta yi minti sha biyar, ta fito. An karɓa. Tudun Kanya ta shiga jeri na biyu. Na tambaye ta yaushe za a kawo.

"Bayan kaka, in Allah ya so. Wajen Nuwamba."

A Nuwamba ƙoramar yashi ce.

Na iso gida Zango ƙarfe ɗaya da rabi. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya komo da ni, da ku da kuka ba ni amanar sau biyu, da Majo, da Isuhu da ya ƙi karɓar kuɗin komowa. Wanda duk zai cika wa garinsu irin wannan takarda, in dattijo ya faɗi kalmar da bai gane ba, ya tsaya ya tambaya.

Bayan la'asar na kira wayar mijin Hajo, aka miƙa wa Kawu. Na gaya masa an karɓa, na gaya masa watan.

"Nuwamba," ya ce. Na ji yana lissafi a hankali. "Saura wata uku ke nan. To, madalla. Bari in je in ba shanun nan dusa."