Matakalar da Na Ƙirga a Kubrus

A shekarun da nake aiki a wani ofishin jigilar kaya a unguwar Port Saeed, ta gaban wani shagon masu shirya tafiye-tafiye muke bi ni da maiɗakina duk Juma'a, idan mun fito shan iska bakin ruwa. A jikin gilashinsa an manna hoton tsibirin Kubrus: ginshiƙan dutse na mutanen da, teku kwance a bayansu. Ita kuwa tarihi ta koyar a Zariya har ta ajiye alli, ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga abin da ta koyar ba.

"Alhaji, mako ɗaya ne fa, kuma da ɗan jagora," in ji ta.

Aka ba mu biza mu biyu. Har ta ɗinka sabon mayafi. Amma ni tarbiyyar da na tashi da ita, magidanci ba ya kai iyalinsa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Na ce zan fara zuwa in duba abinci da wurin salla da hawa, saboda gwiwarta, sa'annan mu koma tare bayan zafi.

Ta yi dariya. "Kai ko Aljanna ce, sai ka ce in jira a ƙofa ka leƙa tukuna."

Na bi ayarin baƙi kwana bakwai. Ƴar jagorarmu tana ɗaga laima, tana bayani, ni ina baya da ɗan littafina. A tsohon dandalin wasanni mai fuskantar teku na ƙirga matakala. A gidan da aka yi wa daɓe da ƙananan duwatsu masu launi, famfon alwala na tafi nema. Na dawo gidanmu a unguwar Hor Al Anz ina jin na sauke nauyi.

Kafin zafi ya wuce likita ya gano ciwo a hantarta, ya hana ta tafiya.

Wata la'asar a asibiti ta ce in ɗauko littafin in kai ta tsibirin da baki. Na buɗe, na karanta mata inda ake samun kifi, da inda mota ke tsayawa kusa da inuwa.

"Daɓen nan fa, hoton me aka zana?"

Na juya shafi, ban rubuta komai a kan wannan ba.

"To me ƴar jagorar ta ce game da waɗanda suka gina dandalin?"

"Ban saurara ba, Hajiya."

Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta gyara mayafin nan a kafaɗarta, ta tambayi yawan matakalar. Na ce arba'in da biyu ne zuwa inda ake hango teku sosai.

Ta lumshe ido, leɓɓanta suna motsi, na gane hawa take yi ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙarshe ta buɗe ido.

"Ai da na iya, Alhaji."

Bayan sati uku Allah ya karɓi abarsa. Bizarta tana nan cikin fasfo, ba hatimin shiga a kanta.