Na Ɗauka Rashin Ji Ne, Ashe Kunne Ne

A wancan lokacin ni ɗan kasuwa ne mai shekara arba'in da 'yan kai, ina da rumfar katako a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja, iyalina kuma suna Karmo a ɗaki biyu na haya. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina na taso. Karatun bokona bai wuce aji huɗu na firamare ba, shi ne ya ba ni 'yar Hausar da nake rubuto muku da ita, Turanci kuwa sai na ciniki. Da sassafe nake fita, ba na dawowa sai an yi magariba, hancina cike da garin katako, kaina cike da ƙarar manyan motoci. Ina kallon kaina a matsayin uba nagari, tunda ba a taɓa rasa abin ɗora tukunya a gidana ba, kuma 'ya'yana huɗu duk na sa su a makarantar gwamnati da ke kusa da mu. A tunanina nawa shi ne ci da sutura, karatu kuwa aikin malamai ne, su ya dama. Ga ni da saurin fushi, ba na son kowa ya kira ni ya gaya mini wani abu game da gidana. Wannan hali ne ya kai ni ga abin da zan faɗa. Ba tausayi nake nema ba, na dai gaji da riƙe shi ni kaɗai.

'Yata ta biyu sunan mahaifiyata ta ci, don haka ba na faɗin sunanta, Uwata nake ce mata. Tana da shekara shida ta yi ƙyanda mai tsanani, bayan ta tashi sai kunnuwanta suka riƙa zubar da ruwa mai wari. Muka sayo maganin ɗigawa a kemis, ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa, har muka saba da abin kamar yadda ake sabawa da mura. Daga nan yarinya ta canja. Sai a kira ta sau uku ba ta waigo ba. A aike ta manja ta sayo magi. Maiɗakina ta sha gaya mini cewa ta lura bakin mutum yarinyar take kallo idan ana mata magana, kuma kullum gefen hagu take karkatowa. Na ce mata ta daina ja wa 'yata baki, a duk danginmu babu kurma, raini ne kawai irin na yaran birni, bulala ce maganinsa.

Tana aji biyu takarda ta fara zuwa daga makaranta. Da Turanci aka rubuta ta. Na juya ta gaba da baya, na gane sunan yarinyar da tambarin makaranta, sauran ban gane ba. A layinmu na kasuwa akwai masu karatu da yawa da za su karanta mini cikin minti ɗaya, amma sai na ji nauyin a ce wani ya san abin da ke cikin gidana kafin ni, kuma ya san ban iya karantawa ba. Na ninke ta na cusa a aljihu. Ta biyu ta zo, ta uku ta zo, duk hanya ɗaya suka bi. Ran nan da safe na sauke yaran a bakin makaranta a kan babur, sai malamar ajinsu ta tare ni. Ba Bahaushiya ba ce, Hausar Abuja take yi. Ta ce da ni, “Oga, yarinyar ka ba ya ji. Ka zo ofis mu yi magana.” A gaban iyaye da yawa ta faɗa. Ni kuwa abin da kunnena ya ɗauka shi ne 'yata ba ta jin magana, fitinanniya ce, har ta kai malamai suna tare ni a hanya. Ban tsaya ba, na tayar da babur na tafi. Yini na yi ina tafasa a kasuwa. Da na koma gida na ɗauki bulala na yi mata dukan da har yau ba na son tunawa. Tana kuka tana kallon bakina, tana ƙoƙarin gano laifin da ta yi, ni kuma kallon nan na ɗauke shi tsaurin ido na ƙara mata.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce rashin fahimta ne, in sami inda zan laɓe. Amma bayan kamar mako biyu, wata Asabar da hantsi, na makara ban fita ba, wata mata ta yi sallama a gidanmu. Ta ce ita ce malamar ba da shawara ta makarantar, aikinta shi ne shiga tsakanin makaranta da iyaye idan yaro ya sami matsala. Bazazzagiya ce, dattijuwa mai natsuwa, Hausarta tangaran. Ta zauna a tabarma ta yi mini bayani dalla-dalla cewa ba halin yarinyar ake kuka da shi ba, kunnenta ne. Ta ce a ofishin ilimi da ke kula da makarantunmu akwai sashen da aka ware don irin waɗannan yara, ana tura su gwajin kunne, a haɗa su da likita, wanda yake buƙatar na'urar ƙara ji a sa shi a layi, kuma akwai taron da ake yi wa iyaye kowane wata don a koya musu yadda za su zauna da yaran a gida. Abin da ake nema a wurina kawai shi ne in sa hannu a fom, in kuma raka yarinyar ranar gwaji.

Na fahimce ta sarai, babu kalma ɗaya da ta ɓace mini. Amma abin da ya cika mini kai shi ne suna. Na hango 'yata ana kiran ta kurma a unguwa, na hango labari ya kai ƙauyenmu, na hango ta girma babu mai neman ta. Ga kuma wata magana da na taɓa ji a majalisar kasuwa, wai irin wannan cike fom dabara ce ta tara sunayen 'ya'yan talakawa a ci abinci da su. Na ce wa matar nan 'yata ba nakasasshiya ba ce, ba kuma zan bari a rubuta ta a littafin nakasassu ba. Ta dube ni ta ce, “Malam, ni ba sunan da za a kira ta da shi nake ji ba. Kunnen nake ji, don ba ya jira.” Na ce na gode, Allah ya ba da lada, na tashi na bar ta zaune. Ranar Litinin na hana yarinyar zuwa makaranta, na ce Islamiyya ta ishe ta. Maiɗakina ta yi kuka, ta ce in ba zan je ba in bar ta ita ta kai ta. Na rantse mata cewa duk ranar da ta taka ofishin nan da 'yata, to a bakin aurenta. Daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba. Shirun nan ma yana cikin abin da zan amsa tambayarsa.

Shekara biyu da wani abu Uwata ta yi a gida. 'Yan'uwanta su sa kayan makaranta su fita, ita ta tsaya a bakin ƙofa tana bin su da kallo, sannan ta koma wanke-wanke. A Islamiyyar ma baya take zama, ba ta ƙaru da komai. Maganarta ta fara lalacewa, wani lokaci ta ɗaga murya fiye da kima, wani lokaci ta haɗiye ƙarshen kalma, yara suna kwaikwayon ta suna dariya, har ta daina magana sai dole. Ni kuma ban daina marin ta ba idan na kira ba ta amsa ba. Yanzu na gane ba don ban san gaskiya ba nake dukan ta, don na sani ne, kuma kowane rashin amsawa yana tuna mini.

Wata Laraba kafin azahar ina auna wa wani mai gini katako aka kira ni a waya aka ce in zo asibiti, mota ta taka 'yata. Tifa ce ta kawo yashi lungunmu, tana ja da baya, yarinyar kuma ta ɗauko bokitin ruwa ta ba motar baya. Direba ya yi ta danna ham, mutane suka yi ta ihu, ba ta waigo ba, har tayar baya ta hau ƙafarta. Na iso da niyyar shaƙe direban, na same shi tsugune yana rantsuwa yana hawaye, maƙwabta kuma duk suka ba shi gaskiya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah, duk unguwar nan babu wanda bai san yarinyar nan ba ta jin kira ba, har masu turin kurar ruwa sun san sai sun taɓa kafaɗarta take kaucewa. Ashe abin da na hana ta makaranta don in ɓoye, ni kaɗai nake ganin a ɓoye yake.

Aka ɗaure ƙafar, da suka ji yadda abin ya faru sai aka tura mu wurin likitan kunne. Bayan ya gama dubawa ya ce kunnen dama ya riga ya mutu, ciwon da muka raina ya cinye shi, na hagu ne ya rage da saura. Ya ce da an kawo ta tun ruwan yana sabon zuba, da akwai kyakkyawan zaton a ceto duka biyun. Sannan ya tambaye ni ko a makarantarsu babu wanda ya taɓa lura. Maiɗakina tana tsaye a gefena. Ko dubana ba ta yi ba. Da ta zage ni a wurin da ya fi mini sauƙi.

Da ƙafata na koma makarantar na nemi malamar da na bari zaune a tabarma. Ba ta yi mini gori ba ko da kalma ɗaya, ta tambayi jikin yarinyar, ta ɗauko sabon fom ta karanta mini layi-layi. Daga nan aka shiga zirga-zirga, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce da sauƙi ba. Ka rufe rumfa, ka hau mota zuwa Utako, ka sake hawa wata zuwa ofishin ilimin, ka zauna a benci tun safe, a ce mai sa hannu ya fita taro, a dawo mako mai zuwa. Ka dawo a ce saura hoton yarinya. Ka kawo hoto a ce a jira sakamakon asibiti. Sau da yawa na ji kamar in watsar, sai in dubi yadda take jan ƙafa a bayana in ci gaba. Wata da watanni muka yi kafin na'urar ta fito. Amma ta fito, kuma hanyar nan da na bi da yarinya mai kunne ɗaya da ɗingishi, ita ce aka nuna mini tun tana da ƙafa lafiyayya.

Ranar da aka maƙala mata na'urar muka dawo gida, ina yi wa ƙanenta magana a hankali kan ya cire takalmi, sai na ji ta tambayi uwarta wai dama haka muryar Baba take idan ba faɗa yake yi ba. Na fita waje na daɗe ban dawo ba.

Yanzu tana da shekara goma sha uku, tana aji biyar tare da yaran da ta girme su nesa ba kusa ba. A gaba ake zaunar da ita, tana ƙoƙari, lissafinta ma ya fi na yayanta. Ina zuwa taron iyaye kowane wata, galibi mata ne, maza ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A can na koyi cewa in zan yi mata magana in fuskance ta, kada in yi ihu, kada in kira ta daga baya. A can kuma na haɗu da wani babban ma'aikacin gwamnati mai mota da direba, yana zaune a benci ɗaya da ni saboda ɗansa, ko a jikinsa. Na roƙi Uwata gafara, ta ce ba komai, ta yafe. Sai dai har gobe idan na ɗaga hannu zan gyara hula kusa da ita, sai ta ƙanƙame jiki ta rufe ido. Likita bai da maganin wannan.

Abin da na koya shi ne kunyar da ta hana ka tambaya ba kunya ba ce, girman kai ne, kuma ba kai kake biyan farashinsa ba, wanda ba shi da bakin kare kansa ne yake biya. Ina kira ga iyaye maza irina, masu ganin sun gama komai da zarar sun ajiye cefane. Idan makaranta ta neme ka, ka je da kanka, ka zauna, ka tambaya har sai ka gane. Idan ba ka iya karanta abin da aka aiko ba, ba zunubi ba ne, nemi mai karanta maka. Idan matarka ta ce ta ga wani abu a jikin yaro, ta fi ka gani, don ita take yini da shi. Taimakon da ake yi wa iyalai a makarantun nan yana da jinkiri, yana da wahala, wani lokaci har ya gundure ka, amma akwai shi, kuma ba ya zuwa wurin wanda ya rufe ƙofa. Ku sa 'yata a addu'a Allah ya tsare mata kunnen da ya rage. Ni kuma ku roƙa mini, ranar da za a tsayar da mu gaban Ubangiji, ta san komai ta kuma fahimci komai, Allah ya sa ta sake cewa ta yafe.