Malam Munzali, Mai Kiwon Ƙwayar Ƙafar Kalilu

Ƙarfe bakwai na safe tsohon babur ɗin Malam Munzali ke shiga asibitin da yake aiki a Daura, yau shekara talatin da ɗaya. Ba ya tsayawa gaisuwa sai ya buɗe firjin ɗakin gwaji ya cusa hannu. In da sanyi, alhamdu lillahi. In babu wuta, sai ya sauke numfashi, ya naɗe hannun riga, ya sake shuka ƙwayoyinsa a sababbin farantai kafin su mutu.

Ƙwayoyin cuta yake kiwo. Staf ake ce musu, masu kawo maruru da gyambo, kuma nasa waɗanda suka daina jin magani ne.

"Malam, mutane na kiwon awaki, kai kana kiwon cuta?" in ji abokan aiki.

"Nawa ba sa cin dusa," yakan ce, ba ya ko ɗagowa.

Mafarin kiwon nan Kalilu ne, dillalin shanu daga Mai'adua. Sa ya soke shi a ƙwauri, ya yi abin da kowa ke yi a kara, kasuwar shanu: ya ɓare kafso ya barbaɗa garin a ciwon. Da bai ji sauƙi ba, ya ƙara da allurar shanu. Sai bayan wata uku aka ɗauko shi, ƙafa na wari.

Malam Munzali ya ɗebi mugunya ya shuka, ya gwada magani takwas. Ko ɗaya bai taɓa ƙwayar cutar ba.

"Kalilu, ka yi ta ba ta magani kaɗan-kaɗan har ta saba."

"Malam, a dai ceci ƙafar. Da ita nake bin kasuwa."

Da kansa Malam Munzali ya shiga motar Kano da farantin a cinyarsa, neman magani na tara. Kafin sakamako ya fito, cutar ta doshi jini. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Irin wannan faranti ƙone shi ake yi. Malam Munzali ya ƙi. Kai ne, Malam, ka yi shekara tara kana raya abin da ya kayar da kai, don ranar da za a zo da abin da ya fi shi ƙarfi.

Bana ranar ta zo. Dakta Amatullahi, mai bincike a wata jami'a, ta iso tana neman staf masu taurin kai. Feftayid za ta gwada, wasu ƙananan sinadarai da jiki ke yi don kare kansa, irin na fatar kwaɗo, masu huda ƙwayar cuta. Duk inda ta je, rashin wuta ya kashe musu ajiya. A firjin Malam Munzali ta tarar da iri arba'in da rai.

Ta ɗiga nata a kan ƙwayar Kalilu. Washegari wurin ya yi fes.

"Baba, kada ka yi saurin murna," ta ce. "Bai zama magani ba tukuna. Da sauran shekaru."

Duk da haka ya aika aka kira Kalilu. Ya shigo da sandarsa, ya daɗe yana kallon farantin.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce."

"Ta mutu?"

"A faranti dai."

"Ni tawa ta wuce. A hanzarta saboda masu ƙafa biyu." Ya laluba aljihu, ya zaro kafso huɗu, irin waɗanda yake barbaɗawa a ciwo, ya ajiye a tebur. "Riƙe waɗannan ma, Malam."

Ƙarshen watan nan Malam Munzali zai yi ritaya, bayansa ya ranƙwafa, bai ga maganin a jikin mutum ba. Sannu da aiki, makiyayin da ba a yi wa barka. Allah Ya saka maka da alheri. Mu kuwa, in ciwo ya samu, a kai a gwada kafin a barbaɗa komai. Wanda kuma zai gaji mabuɗin ɗakin nan, ya fara taɓa cikin firji kafin ya gaisa da kowa.