Magen da ta tashe ni daga Gwallaga

Lokacin da nake sayar da shayi a unguwar Gwallaga, teburina yana ƙofar gidan wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda ya ba ni wurin kyauta. Baba nake ce masa. Kowace safiya in ya fito daga masallaci sai ya zauna a bencina in soya masa ƙwai.

Akwai wata mage da ke kwana a kwatar layin. Gashin wuyanta ya zube, idonta ɗaya kullum da kwantsa, ƙafafunta jiƙe da baƙin ruwa. Da farko nesa take tsayawa. Ranar da ta yi kuka, Baba ya gutsuri ƙwai ya jefa mata. Washegari ta ƙara murya, ya ƙara jefawa. Da ta hau benci ya ba ta a hannu. Ranar da ta ɗora ƙafa kan tebur, dab da burodi, dariya ya yi, ya tura mata farantin ta lashe.

Na ce, "Baba, don Allah, farantin mutane ne."

Ya ce, "Kai ɗan nan, ba ka son lada? Baiwar Allah ce ita ma. Sabulu ya ƙare a kasuwa ne?"

Ni ba na dukan dabba. Sai na ajiye tsohon gwangwanin madara can gindin katanga. In ta zauna a ƙasa, in zuba mata guntun burodi. In ta nufo tebur, in ɗauke komai in juya mata baya. A hankali ta gane, ta koma jirana a wajen gwangwanin. Na roƙi Baba kada ya ƙara ba ta, ya ce ya daina.

Bai daina ba, ragewa ya yi. Wani lokaci in na sunkuya ina hura wuta, sai ya kira ta da leɓe ya miƙa mata loma. Wannan ne ya lalata ta gaba ɗaya. Tunda ba ta san wane tsalle ne zai kawo ƙwai ba, sai ta riƙa yin tsallen kullum, ko Baba yana nan ko ba ya nan. In na sauke ta, kafin in juya ta dawo.

Babban mai cinikina wani mutumin kudu ne mai sayar da kayan babur, shi da ma'aikatansa. Wata safiya suna cikin karyawa ta haye tebur, ta tanƙware, ta amayar da ɓeran da ta ci a gefen kwanon sukari. Har wutsiyar ana gani. Mutumin ya ajiye kofinsa.

Ya ce, "Mai shayi, ni ya gama. Wannan ba kyau."

Suka tashi, sauran mutane suka bi su. Baba ya leƙa ya ce, "Amai ne kawai, share mana."

Na zubar da sukarin da burodin, na wanke teburin da ruwan zafi. Da la'asar na je ajin yaƙi da jahilci, ina riƙe da fensir amma warin yana hancina, sai da na fita waje na tofar da yawu.

Ba wanda ya dawo sai Baba da magensa. Ni kuwa ba zan iya ce wa sa'an mahaifina ya tashi daga ƙofar gidansa ba. Na nemi wuri a unguwar Ɗan Iya, inda ba wanda ya san ni, na ɗora tebur da benci a keke.

Da na durƙusa yi masa sallama, tana kwance a cinyarsa tana lasar ƙafa. Ya dube ni da mamaki ya ce, "To yanzu wa zai riƙa soya mana ƙwai?"