Dije Mai Farar Wuta

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, akwai wata dattijuwa a Furfuri ana ce mata Dije. Daddawa take sayarwa, amma abin da ya kai sunanta har Tsafe shi ne maganin ƙurajen fuska. Farar wuta take saye wurin 'yan koli, ta niƙa, ta kwaɓa da farar ƙasa. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ba ta ba mutum sai ta yi masa bayani: maiƙo ne ya toshe ƙofofin fata, maganin zai shanye maiƙon, fatar sama ta bushe ta ɓare, ƙurjin ya sami hanya ya mutu.

"Sai ta ɓaci kahin ta gyaru," in ji ta. "Kwana ashirin. Kak ka matsa, kak ka sosa."

Haka ta gaya wa Manu, wani makiyayi daga rugar bayan gari, wanda ƙuraje suka yi wa kaca-kaca. Kwana shida fuskarsa ta fara ɓarewa, daidai yadda ta faɗa. Sai kuma zazzaɓin damina, wanda ba ya barin kowa, ya kwantar da shi. Kawunsa Labbo ya dubi fuska, ya taɓa jiki, ya nufo gari da sandarsa.

"Mayya ta! Ta lashe mishi huska, ta kama mishi kurwa!"

Kuma aka yarda! Mutanen da suka shekara ashirin suna miya da daddawarta. Cikin taron har da matan da ta gyara wa fuska da hannunta, ko ɗaya ba ta ce uffan ba. Tir da wannan shiru.

Aka shimfiɗe Manu a ƙofar gidanta, aka ce ta tuɓe ta tsallake shi sau uku, yadda ake sa mayu su saki kurwar da suka kama. Mace mai jikoki, da rana tsaka. Ta roƙa a bar mata ko da ɗan zane, aka ƙi. Ta tsallaka, tana kuka.

Ta shige ɗaki tana ƙirga kwanaki. A ranta, in fuskar nan ta gyaru, kowa zai san magani ta bayar, a wanke mata suna.

Zazzaɓin ya sauka don kansa. Ranar da kwana ashirin suka cika Manu ya shigo kasuwar Bungudu, fuska sumul. Dije ta ɗauki kwandon daddawa ta je, kanta a ɗage. Sai ta ji Labbo yana nuna shi ga jama'a.

"Kun gani ko? Tana tsallake shi tas sake shi. Da sauran musu?"

Ba wanda ya taya mata daddawa ranar, ba kuma wanda ya sake tayawa. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Duk tsawon shekarun nan, in Manu ya hango ta tafe, da fuskarsa mai kyau, sai ya tofa addu'a ya sake hanya.